Hukuncin Koci Bauna

A wani daji mai kwaleji ɗaya tak, dabbobi sun fi sanin sunayen 'yan ƙwallon makarantar fiye da na malamanta. Kocin ƙungiyar wani tsohon Bauna ne, mafaɗaci na gaske. Shi ya kori Zomo saboda makara wajen atisaye, ya kori Burgu don ya saci gyaɗa a kicin. Kullum zancensa ke nan: tarbiyya kafin ƙwallo. Sai dai Giwa, shugabar majalisar kwalejin, ta riga ta gaya masa a keɓe cewa in bai kawo kofi bana ba, ya nemi wata inuwar.

Wasan ƙarshe na ƙaratowa sai Damisa, wanda shi kaɗai ke zura ƙwallo a raga, ya cinye wata ɗaliba, 'yar zabuwa, da rana tsaka a bakin fili. Kowa ya gani. Bauna ma ya gani, sai ya ɗaga kai yana duba ko hadari zai taso.

Uwar yarinyar ta kawo ƙara majalisa, ta ajiye ɗan gashin da ya rage a gaban Giwa. Ba ta ja magana ba. Ta ce ita dai a yi wa Damisa abin da aka yi wa Burgu. Maganar nan ta soki Bauna, don ya san gaskiya ce, kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa ido. Amma ya kalli kujerarsa, ya ga yana sonta.

Dila, kakakin kwalejin, ya miƙe ya yi ta'aziyya mai ratsa jiki, sannan ya tuna wa majalisa cewa ba a fafa gora ranar tafiya, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Daga nan aka juya ga Bauna. Ya gyara murya ya ce:

"Ranki ya daɗe, kowa ya san ni, ba na ɗaga wa kowa ƙafa. Yaron nan ya yi kuskure, kuma na yi masa faɗa har sai da ya sunkuyar da kai. Na dakatar da shi a wasanmu na share fage da makarantar Kunkuru ta wancan daji, ba zai taɓa ƙwallo ba sai bayan hutun rabin lokaci. Zai kuma yi wa ɗalibai lacca a kan kamun kai. Su ko zabi, don lafiyarsu, su daina ratsawa ta gefen fili lokacin da 'yan wasa ke jin yunwa."

Majalisa ta ɗauki tafi. Uwar yarinyar ta tambaya ko yaushe ne 'yan wasa ba sa jin yunwa, Giwa ta ce za a kafa kwamiti ya duba. Uwar ta kwashe gashin 'yarta ta fita, Bauna kuwa ya tsura wa kofatonsa ido har ta ɓace.

Damisa ya yi laccarsa, aka yaba da fasahar bakinsa. Ranar wasan ƙarshe ya ci ƙwallayen da suka kawo kofi, aka ɗauki Bauna a ka, aka sabunta masa kujera, aka haɗa masa da lambar yabo ta iya tarbiyya. Ya karɓa hannu bibbiyu.

Tun daga nan ba zabuwar da ta sake kawo ƙara. Ɗakin kwanan zabi ma, da aka ga ya yi fili, sai aka mayar da shi ma'ajiyar kofuna.