Ranar da Na Raba Gadon Mai Rai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fita da ɗalibaina gona riƙe da igiya ba, kuma na yi ƙoƙarin mantawar. Shekarar da ake ta hidimar ƙaddamar da shari'a ce, ina sabon malamin lissafi a wani ƙauye na Buji. Ɗan Yalwawa ne ni, wato ɗan birni (a ganina). Buri biyu gare ni: in nuna wa tsofaffin malamai zamani ya wuce su, in kuma auri Hajara 'yar Alhaji Sule, wanda har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Sai aka kai mu bita Dutse. Aka ce mu daina cika allo da alli, mu ba yara matsala ta gaske su yi ta fama da ita har su gano hanya da kansu. Na dawo kaina ya kumbura, ko gaisuwar shugaban makaranta da ƙyar nake amsawa.

Tunda shari'a ce a bakin kowa, na ce rabon gado za mu yi, ga awo ga kaso. Na tasa yara zuwa wata shimfiɗaɗɗiyar gona a bayan makaranta (ban tambayi ko ta wa ce ba, wanda ya je bita ai ba ya tambaya).

"Ku ɗauka mai gonar nan ya rasu, ya bar maza biyu da mace ɗaya. Ku auna, ku fitar wa kowa nasa."

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai gonar..."

"Ba ruwana! Ku gano da kanku."

Aka ja igiya, aka kafa turaku. Ina gefe hannu a baya, daɗi kamar ya kashe ni.

Ashe a garin ba a ja wa gona igiya sai an binne mai ita. Mata masu dawowa daga rijiya suka gan mu, suka shiga gari da salati. Mutane suka yi ta tururuwa gidan mai gonar yin ta'aziyya, suka tarar da mamacin a zaure yana shan fura.

Can sai ga jama'a tafe, a gabansu Alhaji Sule da sandarsa. Na yi maza na durƙusa.

"Malam, sannu da aiki. Yaushe na rasu?"

"Baba, wallahi darasi ne..."

"Madalla. To wanne ne kason Hajara? Na san shi ka fara aunawa."

Dariyar da aka yi har yau tana kunnena. Da kaka aka ɗaura auren Hajara da wani mai sayar da taki, na kuma ji zafin abin ƙwarai.

Har yanzu haka nake koyarwa, yara kuma suna ganewa. Sai dai kafin in kashe mutum a darasi, nakan fara tambayar ko wane ne ke neman 'yarsa.