Na'urar Zayyanu Mai Amsa Saƙo

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa basira da haƙurin sauraron dattawa, ina roƙonka ka gyara zama, ka kife wayarka a gefe. Abin da zan labarta maka a gabana aka yi shari'arsa, ni da na shugabanci makaranta tun alli yana da martaba, yanzu kuma nake riƙe da kwamitin sulhu na kasuwar albasa.

Wani saurayi ne, Zayyanu, ya yi kwas na nazarin bayanai a waya, ya shigo kasuwa da kwamfuta a hammata da tabarau marar magani. Ko ina kwana ka ce masa, sai ya ce bari ya duba alƙaluma. Burinsa ɗaya ne: Alhaji Tanimu, babban dillalin albasa, ya ɗauke shi aiki, ya ba shi ofis mai fanka.

Shi kuwa Alhaji saƙonnin waya sun hana shi sakat. Zayyanu ya daki ƙirji.

"Ranka ya daɗe, na nazarci saƙonninka kaf. Kusan duka ɗaurin aure ne da suna da buɗe shago. Zan saka maka na'ura mai amsawa da kanta, kai ka yi barcinka."

"In ta yi kyau, ofis naka ne," in ji Alhaji.

Amsa ɗaya tak ya koya mata: "Masha Allah! Allah ya maimaita mana!" Aka yi kwanaki gari yana yabon zumuncin Alhaji. Zayyanu ya fara tafiya kamar ƙasa ta yi masa kaɗan, har ya zaɓi labulen ofis.

Ran nan sai Malam Na'iya, mahaifin matar Alhaji, ya rubuto: "Motata ta kife a gada, albasa duk ta bi ruwa."

Kit! "Masha Allah! Allah ya maimaita mana!"

"Tanimu, da ni kake?"

Kit! Amsar ta sake zuwa, ko gezau.

"To, gobe zan zo in ɗauke 'yata!"

"Masha Allah! Allah ya maimaita mana!"

Kafin la'asar, Liman da aka sace wa rago ya sami tasa addu'ar, mai shayin da rumfarsa ta ƙone ma haka. Su da Malam Na'iya suka ɗunguma rumfar kwamiti, Alhaji yana gumi yana rantsuwa, aka tiso ƙeyar Zayyanu gabana.

Bai ko rusuna ba. Ya gyara tabarau ya ce, "Baba, na'urata ta yi daidai kashi casa'in cikin ɗari. A duniyar ilimi wannan nasara ce."

Na ce, "Sauran goman fa, ɗana?"

"Waɗannan tarkace ne. A iliminmu zubar da su ake yi."

Malam Na'iya ya miƙe zumbur. "Ni ne tarkacen? Ɗan nema, tsaya in nuna maka zubarwa!"

Ya ɗaga sanda. Zayyanu ya kwasa a guje, ya yi tuntuɓe da buhu, sai tsulum cikin tulin ruɓaɓɓiyar albasa, kai a ƙasa, takalma a sama. Mai shayi, don neman magana, ya aika wa wayar Alhaji cewa Zayyanu ya faɗa juji. Wayar Alhajin, wadda na karɓa a matsayin shaida, ta yi kit a hannuna, na karanta da muryar da nake kiran taron ɗalibai: "Masha Allah! Allah ya maimaita mana!"

Kasuwa gaba ɗaya ta amsa, "Amin!"

Ofis dai ya tafi har da fankarsa. Ni kuwa, bayan na share hawayen dariya, na yanke masa tara: ƙwaryar goro ga kwamiti, rago ga Liman, kuma ya taka da ƙafarsa gida-gida, ya durƙusa ya yi wa kowane tarkace jaje da bakinsa.