Furen Goggo Merle da Jawabin Mai Girma

Takalmina har yanzu a jiƙe yake, kuma ban taɓa aiko wa jarida komai ba, amma abin da ya faru jiya ya fi ƙarfin shiruna.

Jiya ce ranar tunawa da sojojin ruwan da jirginsu ya nutse a gabar garinmu. Kowa ya san yadda ake yi: a taru gaban bangon sunaye, a busa begila, a jefa furanni yayin da ruwan teku ke janyewa, don ya kai su can inda jirgin yake kwance. Da zarar ruwa ya juyo, sai baɗi.

Ni ce mai tura keken guragu na maƙwabciyarmu, Goggo Merle. Sunan yayanta Desmond yana bangon. Ita kuwa ta haura casa'in, ta ce ba ta yi wa baɗi alkawari ba.

To bana manyanmu masu hangen nesa suka gayyato mana Mai Girma Babban Baƙo daga birni. Aka shimfiɗa masa jan kafet, aka kafa rumfa mai fanka, aka sayo masa kambun furanni kamar tayar tarakta. Sunayen bangon kuwa, da aka yi alkawarin sake musu fenti tun ina firamare, suna nan suna jiran kwamiti.

Mai Girma ya makara daidai girmansa, sannan ya kama jawabi. Duk 'yan gari idonmu na kan ruwa.

Kawu Bluey, mai soya kifi da dankali, ya sunkuyo. "Merle, ki ce wa Des ya ƙara haƙuri. Mutumin bai ko gama gaida manyan baƙi ba."

"Des zai jira, ruwan ne ba zai jira ba," in ji Goggo. "Tamsin, tura ni."

"Goggo, ana jawabi fa! Gaban kowa da kowa?"

"Duk littattafan nan da kike haɗiya, babu na tura keke? Tura, yarinya!"

Na tura. Tayar hagu tana ƙiii-ƙiii, muka bi ta kan jan kafet, ta gaban Mai Girma, har ƙarshen gadar katakon da ta miƙa cikin teku. Ban ɗaga kai ba. Goggo ta sumbaci furenta ta jefa, ruwa ya ɗauke shi. Sai na ji begila a bayana. Ashe mai busa ya biyo mu, gari kuma ya biyo shi.

A yaba wa Mai Girma, bai karaya ba. Ya ƙarasa jawabinsa tsaf ga kujeru da mai ɗaukar hoto, sannan mutum biyu suka taya shi cilla kambunsa. Lokacin ruwa ya juyo. Kambu ya dawo bakin yashi cikin ladabi. Aka sake cillawa, ya sake dawowa. Wani mai kwat ya roƙe ni in ɗan tura shi ciki, ni kuma ban iya cewa a'a ba. Labarin takalmina ke nan.

Goggo ta kalli kambun yana lilo a gefe, ta ce, "Des bai karɓa ba. Ai bai san mutumin ba."

Na ji an ce za a kafa kwamiti ya binciki tekun. Ina fata dai su sa wa kwamitin lokacin zama da ya dace da tekun.