Yadda Za Ka Nuna Wa 'Yarka Ka Karanta Littafin Da Ko Buɗewa Ba Ka Yi Ba

Kai uban yara, matso kusa. Yanzu makarantu sun tsiro da sabon salo: yaro ya ɗauko littafi daga laburare ya kawo gida, wai iyaye su ma su karanta. Kai kuwa rabonka da littafi tun ranar da ka fito daga ɗakin jarrabawa. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbacin 'yarka za ta rantse duk unguwa babu makaranci kamarka. A kan yayana na gwada su, tela ne, kuma har yau yana nan da ransa.

Mataki na 1: Karɓa da hannu biyu

Auta, 'yar yayan nawa, shekararta tara. Da can in aka ce ta ɗauki littafi sai ciwon ciki ya taso. Malamar laburarensu ce ta yi ta lallaɓa ta har ta kamu. Ran nan ta faɗo shago a guje da littattafai biyu, ɗaya labarin wata yarinya da ƙaninta a kwale-kwale, ɗaya kuma na ilimi a kan ƙudan zuma.

"Baba, ranar Laraba iyaye za su zo laburare, kowa ya faɗi abin da ya karanta. Za ka karanta, ko?"

Yi yadda ya yi. Ajiye almakashi, karɓa da hannu biyu, jinjina nauyinsu, ka ce, "Wannan ai aikin yini ɗaya ne." Masana sun tabbatar rabin karatu a fuska yake.

Mataki na 2: Sa alama, ka riƙa matsar da ita

Samo ɗan ƙyalle ka cusa tsakanin shafuka. Kullum da safe ka matsar da shi gaba. Gaba fa, ba baya ba. Kuma ban da zari. Yayana ya tsallake shafi arba'in kafin ruwan shayi ya tafasa.

Auta ta zaro ido. "Baba, har ka wuce inda kwale-kwalen ya kife?"

"Ai tuni," in ji shi, bai ma san akwai ruwa a littafin ba.

Mataki na 3: Haddace jimla uku

Ga su: "Hmm." "Akwai darasi a ciki." "To ke me kika fahimta?" Ta ukun ita ce uwarsu. Da ka jefa ta, yarinya za ta zazzage maka labarin, kai kuwa sai gyaɗa kai kana taka keken ɗinki.

Mataki na 4: Rarrabe littafin labari da na ilimi

Nan manya ke faɗuwa. Na labari yana da jarumi, na ilimi ba shi da shi. Yayana ya manta. Auta ta tambaye shi batun littafin ƙudan zuma, sai ya yi ajiyar zuciya.

"Ni dai ƙarshen ne ya ba ni tausayi, da jarumin ya mutu."

"Wane jarumi, Baba?"

"Wannan namijin mai ƙwazo, mai yawon ɗebo ruwan fure."

"Baba, masu aikin duk mata ne. Yana nan a shafi na huɗu."

In haka ta faru da kai, yi tari mai ƙarfi, ka ɗora laifin a kan tabarau.

Mataki na 5: Kada ka nemi agajin matarka

Shi ya nema. Ya same ta tana shanya, ya rage murya ya ce ta ɗan gutsura masa ƙarshen labarin. Dariya ta yi har rigar hannunta ta faɗi ƙasa, ta ce, "Ni na karanta nawa tun Asabar. Kowa ya ji da kansa."

Mataki na 6: Ranar taro, zauna a baya

Nemi kujerar da ke bayan kantar littattafai. Kujerun na yara ne, gwiwarka za ta kusa taɓa haɓarka, amma ka daure. Sunkuyar da kai kamar mai zurfin tunani.

Yayana ya yi duk wannan. Abin da bai lissafa ba shi ne Auta. Malama na cewa wa zai fara, yarinya ta miƙe tsaye ta ɗaga hannu.

"Malama, babana! Duka biyun ya karanta!"

Ya miƙe, gumi na bin bayansa. Jimlolin nan uku suna bakinsa. Sai ya dubi Auta, tana tsaye tana washe baki, tana kallon ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya don su ga babanta.

"Malama, gaskiya ban karanta ba," in ji shi. "Ƙyalle kawai na yi ta matsarwa."

Can wani makanike ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Ni tsinken ashana na sa." Aka kwashe da dariya, har Malama. Auta ba ta yi dariya ba. A hanyar gida ma ta ƙi riƙe hannunsa.

Mataki na 7: In komai ya rushe, to, karanta

Wannan mataki ba na son sa, amma ba yadda na iya. Suna isa shago ya rufe keke, ya share teburin yanka, ya ɗora ta a kai.

"Na yi miki ƙarya, Autata, ban kyauta ba. Karanta min, ina ji."

Da fari a cije take karantawa, ko kallonsa ba ta yi. Kafin shafi na goma ta fara canza murya, ta yayar daban, ta ƙanin daban. Da aka zo inda kwale-kwalen ya kife, yayana ya miƙe zumbur.

"Tsaya! Ƙanin nata ya iya iyo kuwa?"

Auta ta rufe littafin, ta miƙa masa, tana danne murmushi. "Ba zan faɗa ba. Karanta da kanka."

Ya kuwa ja kujera.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Tabbacin da na bayar ba ya aiki a kan wanda ya tona wa kansa asiri a gaban jama'a. In mai wando ya zo karɓar ɗinkinsa ya tarar da kai hanci cikin littafin 'yan aji huɗu, kana ce masa ya dawo gobe don yaro yana cikin ruwa, ku sasanta tsakaninku. In kuma 'yarka ta koma ta ce wa Malama a ba ta uku wannan makon, biyu nata, ɗaya na Baba, kada ka zo min da ƙorafi. Ni ƙarya na koya maka, karatun kai ka jawo wa kanka.