Yadda Bindigar Ammu Usman Ta Cinye Mini Rabin Gemu

Ko da tsufa zai sa in manta sunan unguwar da aka haife ni, ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na je nema wa ɗan wana aure a unguwar Abbasiya da ke Alƙahira. Na fita daga gida da gemu cikakke, wanda ko limami zai gani ya yi sha'awa, na dawo da rabi.

Bari in fara gaya muku yadda mutanen unguwarmu, Madinat Nasr, suka san ni. Sana'ata tafinta. Ina tarbar marasa lafiya daga Najeriya, in kai su asibitocin unguwar Mohandessin, in gaya wa likita inda ke musu ciwo, in gaya musu abin da likita ya ce (da ɗan ƙari, saboda kwantar da hankali). Amma a gidan shayin da muke zama bayan la'asar ba mai ce mini tafinta. Kwamanda ake kirana.

Asalin sunan nan ciwon baya ne. Ya taɓa kwantar da ni wani lokaci mai tsawo, likita ya ce ko tari zan yi in yi shi a hankali. Ina kwance ina latsa waya sai na faɗa cikin bidiyoyin wasu Turawa masu ƙananan bindigogi, irin waɗanda ake sokewa a ƙugu a saki riga a kai. Jama'a, ashe akwai mutanen da ba su da wata damuwa a duniya sai kunamar bindiga, wato ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa. Wani ƙato mai jan wuya zai fito ya ce kunamar tasa laushinta kamar man shanu a rana. Wani ya zo ya ce ƙarya ne, shi ma ya sayi irinta, janta kamar jan buhun masara a kan tsakuwa. Na uku ya ce a yi mata haƙuri, sabon takalmi ce, sai an sha amfani da ita take sakin jiki. Su yi ta zagin juna a ƙasan bidiyo har iyaye. Ni kuwa ina kwance ina haddacewa kamar mai shirin jarrabawa.

Da na warke na koma gidan shayi da sabon ilimi. Wata rana ana hirar tsaro sai na gyara zama na ce, “Ai ni ƙaramar bindiga in kunamarta ba ta karye tas kamar ƙanƙara ba, ko kyauta aka ba ni ba na so.” Wani ya ce, “Alhaji, ashe ka yi aikin soja?” Na ɗaga kai sama, na yi ajiyar zuciya, na ce, “Na yi hulɗa da bariki shekaru, amma ba komai ake faɗa ba.” (Wannan gaskiya ce tsantsa. Biredi nake kai wa kantin barikin garinmu a kan babur.) Makami ɗaya da na taɓa riƙewa a rayuwata shi ne danƙon harbin tsuntsu, shi ma babban yatsana na harba. Amma suna ya riga ya fita. Ko mai kawo shayin, Bamisire, in ya hango ni sai ya ƙame ya ce, “Tamam ya basha!”, wato an gama, ranka ya daɗe.

To, ga Mubarak, ɗan yayana, wanda ya gama karatun shari'a a nan Alƙahira yana koyarwa. Mutum ne mai kunya, wanda in ya taka ka sai ya ba ka haƙuri, ya ba takalminka haƙuri. Ya ga wata ma'aikaciyar jinya mai suna Ihsan, 'yar Hausawan Sudan da yaƙi ya koro, ya rame a kanta har wuyansa ya yi tsawo. Matsalar ita ce mahaifinta, Ammu Usman (Ammu shi ne baffa da Larabci), tsohon ɗan sanda ne, kuma an ce ya sallami masu nema kafin Mubarak ba tare da sun ƙarasa shan gahawarsu ba. Zama ɗaya yake ba mutum. In ya ce a'a, ƙofa ta rufu.

Yayana ya kira ni daga Gusau. “Kai ne ubansa a can,” ya ce. “Abu ɗaya nake roƙonka saboda Allah. Ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ku, ka rufe bakinka.”

“Haba Yaya, sai ka ce wani mai surutu.”

Ya kashe wayarsa.

Ranar zuwa na fito da farar shaddata mai aiki har ciki. Na taje gemu, na shafa masa mai, sannan na feshe shi da turare har sai da matata ta buɗe taga. “Malam,” ta ce, “neman aure za ka je ko maganin sauro?” Ban kula ta ba. Ku riƙe zancen turaren nan, zai dawo.

A cikin ƙaramar bas Mubarak sai murza hannu yake. “Baffa, don Allah ban da zancen bindiga.”

“Kai ba ka san manya ba. Ɗan sanda ne, ni kuma masani. Kafin a kawo gahawa mun zama 'yan uwa. Yalla, saki ranka.”

Gidan yana hawa na huɗu, ba lif. Muka iske Ammu Usman zaune cikin farar jallabiya da rawani, dogo, siriri, fuskarsa kamar an hana ta dariya tun zamanin Turawa. Hausarsa irin ta kakanni ce, mai daɗi, da Larabcin Sudan a tsakiya. Muka gaisa. Aka kawo tire: gahawa mai citta a 'yar tukunyar ƙasa, dabino, gugguru, babban jug na zoɓo mai sanyi, da kaskon turaren wuta wanda ba a kunna gawayinsa ba tukuna. Su a al'adarsu ba a karɓar baƙo da gahawa ba hayaƙin turare.

Na buɗe baki zan fara jawabin da na shirya, sai idona ya sauka a gefen tiren.

Bindiga. 'Yar ƙarama, baƙa wuluk, tana kwance kusa da dabino kamar ita ma baƙuwa ce.

Mutum mai hankali zai yi tunani: ɗan gudun hijira, a Masar, inda riƙe makami ba lasisi ke kai mutum inda ba a dawowa da wuri, zai bar bindiga a kan tebur gaban baƙi? Amma ni ga abin da ƙwaƙwalwata ta gaya mini: tsohon nan gwada ka yake, yana so ya ga ko danginku maza ne.

“Masha Allah,” na ce. “Ammu, ashe kai ma ɗan hannu ne.”

Ya dubi inda nake kallo, ya dube ni. “Kai ne wanda ake ce wa Kwamanda?”

“Mutane ne da baki,” na ce, ina sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

“To me ka gani game da ita?”

Mubarak ya taka mini ƙafa. Na janye ƙafar. Wannan ita ce tambayar da na yi ta jira tun ina kwance da ciwon baya, kuma ba yaron da zai hana ni amsawa.

“Ammu, irin wannan na san ta kamar yunwar cikina. Ga ɓoyuwa, ko singileti ka sa ba mai ganewa. Amma masu ita sun rabu gida biyu a kan kunamarta. Wasu na cewa ta yi nauyi, sai ka yi kamar kana jawo akuya daga rijiya. Wasu na cewa nauyin nan shi ne tsaronta, kada ta tashi a aljihu ta raba mutum da zuriyarsa. Ni ra'ayina yana tsakiya.”

“Tsakiya,” ya maimaita.

“Tsakiya. Sai dai in na taɓa zan faɗa maka gaskiyarta.”

“Bismillah, ya zol,” ya ce, wato bawan Allah a bakin 'yan Sudan. “Ɗauka.”

“Baffa,” Mubarak ya ce cikin raɗa, “Baffa, wannan fa...”

“Manya na magana.”

Na ɗauka da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar mataccen ɓera, sannan na tuna ni Kwamanda ne na damƙe ta. Ta yi mini sakayau a hannu. “Ka ji ko? Ba nauyi. Aikin zamani ke nan, ƙarfe kaɗan, fasaha da yawa.” Na tambaya ko akwai harsashi. Ammu Usman ya ce wallahi tunda ya saye ta harsashi bai taɓa shiga cikinta ba. Hankalina ya kwanta, bakina ya ƙara buɗewa.

“Yanzu ga sirrin da ba kowa ya sani ba. Kunama ba da yatsa kaɗai ake gane ta ba, da kunne ake ji. Mai kyau za ta ce ƙas, tsaf, ba jan rai.”

Sai na ɗaga ta, na kawo ta daidai kumatuna na dama, bakinta yana kallon sama ta ƙarƙashin gemu, na karkata kai, na lumshe ido kamar mai sauraron karatu mai daɗi. (Ko Turawan bidiyon, da duk haukarsu, ba wanda na taɓa gani ya yi haka. Wannan ƙirƙirata ce.) Na ja a hankali. Na ja. Ta ce ƙas.

Sannan gemuna ya ce bup.

Laita ce, jama'a. Abin kunna gawayin turare. Harshen wuta shuɗi ya fito daga bakinta ya gamu da man gemu da rabin kwalbar turaren da na fesa, suka rungumi juna kamar tsofaffin abokai.

Ban san wuta ba ce. Na ji ƙara, na ga haske, na ji zafi, na kammala lissafi. “An harbe ni!” na kurma ihu. “Na mutu! Mubarak, ka gaya wa Hajiya ta yafe mini!” Na yi kalmar shahada da ƙarfin da ban taɓa yi ba ko a Arafa, na yi wurgi da bindigar, na nufi ƙarƙashin tebur, wanda ko kyanwa ba zai ɓoye ba balle ni da tumbina. Gugguru ya tashi sama kamar ana biki.

Labule ya buɗe, wata budurwa ta fito a guje, ta ɗauki jug ɗin zoɓon nan ta juye mini shi a fuska gaba ɗaya. Wuta ta mutu. Na duba ƙirjina na ga farar shadda ta yi jajir.

“Jini!” na ce. “Ga jinin nan!”

“Zoɓo ne, Baffa,” ta ce cikin natsuwa. “Ɗago haɓarka in gani.”

Haka na fara ganin surukata Ihsan: ina zaune dirshan a ƙasa, ƙanƙara a cikin wuyan rigata, ɗakin yana ƙaurin kan rago ranar Layya. Ta duba ta ce fata ba ta ƙone sosai ba, gemun ne dai ya riga mu gidan gaskiya ta ɓangaren dama.

Na saci kallon Mubarak. Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa sun faɗi. Nan ne kunyar gaske ta kama ni, domin gemu zai tsiro, amma yaron nan zama ɗaya aka ba shi, ni kuma na ƙone shi.

Sai na ji wani sauti kamar tsohuwar mota tana neman tashi. Ammu Usman ne. Dariya yake, har rawaninsa ya zame, hawaye na bin kumatunsa. Ihsan ta tsaya tana kallonsa da jug a hannu, ta ce tun da suka baro gida ba ta ji wannan dariyar ba.

Da ya samu numfashi ya ce, “Ya zol, faɗa mini tsakaninka da Allah. Ka taɓa riƙe bindiga?”

“Biredi nake kai wa bariki,” na ce.

Ya sake fashewa. Sannan a hankali ya natsu, ya ɗauko laitar daga ƙarƙashin kujera, ya kunna gawayin, ya ɗora turare.

“Da na yi tambaya a kan yaron nan,” ya ce, “kowa ya yabe shi. Amma aka ce mini baffansa Kwamanda ne, ba shi da hira sai ta bindiga. Wallahi na riga na shirya a'a, gahawar ma don ladabi ce. Inda muka fito, Alhaji, kowa ya san kunama. Masu wannan ilimin su suka fitar da mu daga gidan da na gina da hannuna. Na yi alkawari 'yata ba za ta shiga dangin da ake ƙaunar abin nan ba.” Ya dubi rabin gemuna. “Amma dangin da babbansu bai san bindiga da abin kunna gawayi ba, nan ne nake so jikokina su tashi. Mubarak, na ba ka. A yi fatiha.”

Aka yi fatiha, ni ina ɗiga zoɓo a kan kafet.

Har yau ban sani ba ko da gangan tsohon nan ya ajiye laitar a gefen tire. In na tambaye shi sai ya ce gawayi dai ba ya kunna kansa. Da na kira Yaya na ce an ba mu, ya ce, “Ka rufe bakin naka kamar yadda na ce?” Na ce wallahi har wanzamin da ya aske mini sauran gemun ya shaida.

A gidan shayi ba a daina ce mini Kwamanda ba, sai dai yanzu duk wanda zai kunna sigari sai ya matsa nesa da ni ya ce, “Ma'alish, yi haƙuri Kwamanda, kare gemu.” Ranar biki kuwa aikin kunna turare aka ba ni, da ashana, Ihsan na tsaye kusa da jug.

Abin da na koya shi ne, in ka haddace ra'ayin masu abu ba ka taɓa riƙe abin ba, to ka bayyana ra'ayin nesa da fuskarka. Amma tunda ni ne kaɗai a duk Madinat Nasr da ya gwada ta da kunnensa, ina nan kan bakana: kunamar laitar nan ta ɗan yi nauyi.