Ilarion a Cikin Abincin Saniyata

Abin da na rasa a kakar bara ba shi da wuyar faɗa: tarin ingirici guda, babban cikin ukun da na yanka da hannuna, da shinge taku goma sha biyu, da rabin bishiyar tuffa. Abin da na samu kuwa akurki ne na ƙarfe mai ƙofa huɗu, wanda ko matar limamin cocinmu ba ta da irinsa. Sauran ribar sai kun bi ni a hankali.

Ilarion ƙanin marigayi mijina Gavril ne. Shekara shida ya yi a Italiya yana ɗora bulo, ya dawo da jif koriya, da tumbi, da wani turare da ke riga shi shiga gida. Ranar da ya zo ƙofata ko saukowa bai yi ba, gilashi ya zuge.

"Matar yaya, kin ga ƙafafun nan? Sun yi ritaya. Bijimin barewar nan na saman kwarinmu, mai ƙaho reshe goma sha huɗu, bana zai faɗi, kuma takalmina ba zai taɓa raɓa ba. Ga baƙona, likitan haƙori ne, ya yanki takardar izinin farauta ta kwana uku."

Baƙon ya gyaɗa min kai daga ɗaya kujerar. Ba ya jin yarenmu, Allah ya hutar da shi.

Na ce, "Yayanka shekara talatin da ƙafa yake hawa."

"Yaya mutumin da ne, Allah ya jiƙansa. Shi da tsohon maharbin nan Baba Mitru sun ɗauka wahala ita ce farauta. Ga hanyar masu katako nan har gindin daji. In tsaya, in busa, bijimi ya zo, baƙo ya harba ta taga, mu dawo tuwon masararki bai huce ba. Ara min ƙahon yaya kawai."

Ƙahon shanu ne da Gavril ke busawa lokacin barbarar barewa, ya kwaikwayi rurin bijimi ya kira shi.

"Aro babu. Haya akwai."

"Tsakanina da ke?"

"Tsakanina da kai buhun dusa ne. Da bare ne, biyu."

Ya yi tsaki ya yarda. Da na miƙa masa, don darajar mai ƙahon sai na ƙara masa da abin da Gavril ya sha faɗa. Ka yi murya ƙasa da ta bijimin. In ya ji wani ɗan ƙarami na ruri kusa da matansa, a fusace yake tasowa ya kore shi, a nan ake samunsa. In kuwa ya ji wanda ya fi shi, tattara matansa yake ya bar kwarin.

Sarkin bakan kan kujera ya yi dariya har tumbinsa ya danna hon.

"Ni in yi ƙaramar murya? Matar yaya, ko a coci an taɓa jin muryata a ƙasan ta wani?"

Nan kam gaskiya ya faɗa.

Hanyar masu katakon nan ta gefen filina ta bi, inda tarin ingiricina uku suke tsaye. Saniyata Murga wata biyar take yi a ɗaure in sanyi ya shigo, kuma tarin ukun nan cif-cif suke kai ta bazara. In ɗaya ya tafi, kafin ƙanƙara ta narke sai na kai ta kasuwa. Ita ce nonona, ita ce cukuna, ita ce abokiyar hirata.

Ranar farko ina tatsa da sassafe na ji bijimin ya yi ruri daga sama, ruri mai kyau da ya cika kwarin. Sai na ji amsa daga hanya, kamar babbar mota mai tari. Bijimin ya yi tsit. Ilarion ya sake, ya kuma sakewa, har Murga ta ɗaga kai ta dube ni.

Baba Mitru ya zo wucewa, da sandarsa da ɗan burodi da cuku a jaka. Ya haura saba'in, amma duk safiya sai ya hau dutsen nan.

"Saveta, wa ke yanka sa da farar safiyar nan?"

"Ƙanin mijina ne, Baba, yana kiran barewa."

"To. Allah ya ba barewa haƙuri."

Da hantsi Ilarion ya dawo, motar fes, bindiga ko ɗumi ba ta yi ba.

"Nisa ne," in ji shi. "Bai ji ni sosai ba."

Rana ta biyu sai ga shi da lasifika ɗaure a rufin mota, wadda ya karɓo wajen mai tallar kankana. Ya tsaya a gindin daji ya danna abin da bai kamata ba, sai kaset ɗin mai ita ya tashi. Kwari ya ɗauka: kankana ja, kankana mai zaƙi, a zo a ɗanɗana. Mata uku suka fito da kwanduna, ni ce ta huɗu, ba zan ɓoye ba.

Da ya gano maɓallin, ya kafa ƙahon a bakin abin magana ya busa iya ƙarfinsa. Tagogina suka yi rawa. Kajina ranar ba wadda ta yi ƙwai. Baba Mitru yana can sama a kwance cikin duhuwa, ya ce da idonsa ya ga bijimin ya ɗaga kai, ya saurara, ya tasa matansa tara a gaba suka haye tudu zuwa ɗaya kwarin.

"Ya ji ni, kuma ya so zuwa," in ji Ilarion da rana. "Motar ya hango. Ɓoye ta kawai za a yi."

Likitan haƙori ba ya jin yare, amma yana da ido. Da yamma ya zo ƙofata shi kaɗai, ya nuna gidan Baba Mitru, ya nuna dutse, ya nuna takalminsa mai sheƙi ya girgiza kai. Na ɗauko masa na Gavril. Shi ma haya.

Rana ta uku na gama tatsa na fito da bokiti, sai na ga babban tarina ya yi ƙiba cikin dare ɗaya. Ina cikin kallonsa ya yi ruri.

Na ajiye bokiti, na ɗauki manjagara na haura. Mutumin nan ya karya shingena, ya tura motar da baya cikin tarin, ya yi ta kwaso ingirici yana lulluɓe ta har ba a ganin komai sai bakin lasifika, sannan ya shige ta taga. Inji kuma yana ta aiki, don lasifikar tana shan batir, shi ma yana jin sanyi.

"Ilarion, fito min daga abincin saniya."

"Sassauta murya, matar yaya. Yana tafe."

"Baƙonka ya bi Baba Mitru tun asuba. Wa zai harba?"

"Zan tsayar da bijimin a nan har su dawo su ji kunya. Matsa gefe, ya kusa. Har warinsa nake ji."

"Warin da kake ji ba na barewa ba ne."

Salansar ta yi zafi a cikin busasshiyar ciyawa, hayaƙi na fita ta baya, fari tukuna, sannan baƙi. Ya tura ƙofa, ingiricin da ya danna da hannunsa ya hana ta buɗewa. Ya tura ɗayar, haka. Ya zuro kai ta taga, kafaɗu suka wuce, tumbin Italiya ya ce shi yana nan. Ga abin magana bai kashe ba. Duk ƙauyen suka ji Ilarion ta lasifika yana kiran uwarsa, wadda ta rasu shekara ashirin, yana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya, har da alkawarin kyandir mai tsawon mutum.

Ƙahon Gavril na rataye a kafaɗarsa. Na saƙala manjagara a igiyar na taka taya na ja. Mutane suna ta yabona wai na ceci rai. Ni ƙahon na ja, Ilarion ya biyo.

Ya faɗo ƙasa da safa, don takalman ya cire ya ajiye gaban abin ɗumama mota. Bai tsaya godiya ba. Ya ratsa filina, ya tsallake shingen maƙwabta biyu, bai tsaya ba sai cikin rafi. Tun yana yaro ban ga ya yi gudu haka ba. Maƙwabta suka zo da bokitai muka tare wutar daga sauran tari biyun, amma sai da ta cinye min rabin bishiyar tuffa. Muna cikin haka muka ji ƙarar bindiga daga bayan tudu, sau ɗaya tak.

Da azahar Baba Mitru ya sauko da doki yana jan bijimin, likitan haƙori na biye, taɓo har gwiwa, baki har kunne. Suka tarar da Ilarion zaune a dakalina cikin bargo, gira ɗaya babu.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka," in ji Baba Mitru. "Shekara huɗu ina bin bijimin nan, bai taɓa barin duhuwar kwarinmu ba. Kai ka koro mana shi fili. In kana da lokaci baɗi, ka sake zuwa da abin kankanar."

Sai muka zauna ciniki. Ya zaro kuɗi daga aljihu, jiƙaƙƙu da ruwan rafi.

"Mayar. Murga ba ta cin takarda."

"Ki sayi wani ingiricin mana."

"A wajen wa? Wa ke sayar da abincin dabbarsa sanyi na bakin ƙofa?"

Mutum ɗaya ne ke da rara a duk ƙauyen, Baba Mitru, amma tarinsa na can makiyayar saman dutse, tafiyar awa uku, inda ko keken doki ba ya zuwa. Dokinsa kuwa na aikin katako ne, ya ce ba ya bayarwa. Na ce Ilarion ya saya, ya sauko min da shi.

"Da me? Motar ta ƙone."

Na dubi ƙafafunsa. Shi ma ya dube su.

"Dami hamsin," na ce.

"Hamsin? Tarin naki ko ashirin bai kai ba. Sha biyar."

"Kai ka yanka shi? Arba'in da biyar, da gyaran shinge."

"Matar yaya, ki dubi zumunci. Ashirin, ki riƙe gawar motar."

"Gawar motar tawa ce tun da a filina ta mutu, kajina sun samu akurki. Arba'in."

Muka yi ta yi har shayi ya huce sau biyu. Ya tashi zai tafi, ya tuna ba shi da takalmi, ya dawo ya zauna. Da muka kai talatin da biyar ya kwantar da murya, karo na farko a rayuwarsa.

"To ko jaki ki nemo min, don Allah."

Jakina ya mutu tun bara waccan, amma kayansa na nan rataye a rumfa. Na shiga na ɗauko akumarinsa, na kakkaɓe, na gwada a bayan Ilarion. Kamar don shi aka ɗinka.

Ni ba muguwa ba ce, na rage masa uku. A kan haka muka tafa gaban Baba Mitru: dami talatin da biyu, a bayansa, kafin dusar ƙanƙara ta farko, da sabon shinge. Akumarin kuwa, tunda ɗan gida ne, aro na ba shi.