Dutsen Makarantar Bakin Rafi

A wani daji da bai kai girman da za a naɗa masa sarki ba, dabbobi sun taɓa haɗa kai suka kafa makarantu uku, suka ɗora majalisa guda a kansu. Ɗaya tana gindin kuka, ɗaya tana kan tudu. Ta ukun, wadda ita ce ƙarama, tana bakin rafi, a bisa wata gaɓa mai laushi. Nan 'ya'yan masu rami suke zuwa: na gafiya, na kurege, na zomo da na bushiya. Malamarsu wata beguwa ce da ake kira Malama Tasalla. Shekararta goma sha ɗaya tana koya musu haƙa rami mai ƙofa biyu, da gane saiwar da ake ci da wadda ke kisa, da jin takun mafarauci tun yana nesa.

'Yan majalisar biyar ne. Gwanki shi ne shugaba, saboda idan ya tsaya kowa na hango shi. Dila shi ne magatakarda. Shamuwa tana wakiltar masu fiffike, Kwaɗo yana wakiltar na ruwa, Hawainiya kuma tana wakiltar duk wanda aka rasa inda za a sa shi. Cikinsu babu mai ɗa a makarantar bakin rafi, kuma sun ɗauka wannan ne ya sa suke iya yi mata adalci.

Kowace makaranta tana da wani farin dutse da majalisa ta kafa. Inda dutsen yake, nan ne makaranta. Karatun da aka yi nesa da shi ba karatu ba ne a wurin majalisa, ba a ba da shaida a kansa, kuma wanda ba shi da shaida ba a yanka masa filin haƙa rami idan ya girma. Ba a kuma gusar da dutsen sai duk su biyar sun ɗora masa ƙafa a zama ɗaya. Dokar ba ta mugunta ba ce. An yi ta ne tun wata shekara da tsuntsaye suka dawo daga tafiya suka tarar an yanke komai a bayansu. Sai dai waɗanda suka yi ta sun manta da abu guda: Shamuwa ba ta zuwa dajin sai da damina, Kwaɗo kuma yana binne cikin laka yana barci har sai ruwa ya tashe shi.

Ana tsakiyar rani Malama Tasalla ta ga tsaga a bayan aji. Ta zura ƙayarta ɗaya a ciki, ƙayar ta shige duka. Ta leƙa ƙarƙashin gaɓar, ta ga ruwan bara ya cinye ta ta ciki, saiwoyi ne kawai ke riƙe da ƙasar da yara ke zama a kai. Ta sallami yara, ta nufi wurin magatakarda.

Dila ya karɓe ta da fara'a, don bai taɓa rowar fara'a ba.

"Yallaɓai," in ji ta, "gaɓar nan ba za ta kai ƙarshen damina ba. Yara ashirin da shida nake da su a kanta. Ba gini nake roƙo ba. A matsar mana da dutse taku arba'in zuwa gindin marke, shi ke nan."

"Malama, magana mai kyau kika kawo," in ji Dila. "Amma kin san tsari. Sai majalisa ta cika."

"Yaushe za ta cika?"

"In ruwa ya sauka."

"To ai ruwan ne nake gudu, yallaɓai."

Dila ya gyaɗa kai kamar mai nazari, sannan ya ce, "Wannan ma abin dubawa ne. Zan sa shi a jerin abubuwan da za a tattauna."

Ta je wurin Gwanki, ya tura ta wurin Dila. Ta je bakin tafkin da ya ƙafe ta yi ta kiran Kwaɗo, laka ba ta amsa ba. Hawainiya ta saurare ta har ta yi ƙwalla, ta ce wallahi tana tare da ita, kuma a lokacin gaskiya take faɗi, don su biyu ne kaɗai a wurin.

Wata uku Malama Tasalla tana karantarwa da ido ɗaya a kan yara, ɗaya a kan tsaga. Da aka yi ruwan fari, Shamuwa ta sauka, Kwaɗo ya fito yana miƙa, majalisa ta zauna a inuwar wata tsamiya. Malama ta riga kowa zuwa. Tare da ita akwai wata gafiya, Iya Delu, mai 'ya'ya huɗu a makarantar.

Dila ya buɗe zama da tunatarwa cewa a al'adar majalisa, maganar da ta fi daɗewa ita ake fara ji, don kada a ce an fifita wani. Wadda ta fi daɗewa kuwa, shekararta uku tana jira: shin idan ɗan majalisa ya ziyarci makaranta, yara za su gaishe shi a tsaye ne ko a durƙushe?

Shamuwa ta gyara tsayuwa. "Allah ya ja zamanin shugaba. Ni na yi tafiya, na ga ƙasashe, na sauka a kan makarantun da ko a mafarki dajin nan bai taɓa ganin irinsu ba. A can, tsayawa ake yi. Tsayawa ita ce wayewa. Yaron da aka saba masa da durƙuso, da durƙuso zai tsufa. Ba don kaina nake magana ba, ni fa baƙuwa ce mai wucewa. Amma in za mu ci gaba, to mu fara miƙe yaranmu."

Kwaɗo ya kumbura wuya. "Ranka ya daɗe, ban taɓa zuwa ko'ina ba, kuma ban ji kunyar haka ba. A durƙushe na gaji ubana, shi ma a durƙushe ya gaji nasa. Yau a ce mana durƙuso ci baya ne? To mu da Allah ya halitta a durƙushe ina za mu sa kanmu? Wannan ba maganar gaisuwa ba ce, maganar raini ce, kuma an daɗe ana yi mana shi daga sama."

Hawainiya ta ce ta gamsu da Shamuwa. Da Kwaɗo ya harare ta, ta ce shi ma ta gamsu da shi.

Aka kwashe yini ana abu ɗaya. Da rana ta karkata, Malama Tasalla ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba.

"Shugaba, ka gafarce ni. Yarana za su gaishe ku a tsaye, za su gaishe ku a durƙushe, in kun so ma a kwance. Amma sai suna da rai. Ga ku nan ku biyar, yau kun cika. Daga nan zuwa dutsen tafiyar shan ruwa ce. Ku zo ku ɗora ƙafa, ni da iyayen yara mu gangara shi, ku dawo ku ci gaba da maganarku. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa roƙonku komai ba."

Gwanki ba mugu ba ne, kuma maganar ta shige shi. Ya dubi Dila. Dila ya yi ƙasa da murya ya ce in aka tsallake layi yau saboda beguwa, gobe kowa zai zo da tasa gaggawar. Gwanki ya fi tsoron a ce ya karya tsari a kan a ce ya yi kuskure.

"Malama," ya ce, "mun ji kukanki, kuma yana ranmu. Maganarki ita ce ta tara. Ki ƙara haƙuri."

A hanyar komawa Iya Delu ta ce, "Malama, ni ban yi karatu ba. Ta tara ɗin nan yaushe ke nan?"

"In sun yi sauri, baɗi," in ji Malama.

Washegari hadari ya haɗo daga gabas tun da hantsi. Malama Tasalla ta dubi tsagar, ta ga ta buɗe har zomo zai iya faɗawa. Ta san abin da doka ta ce, ta kuma san abin da za a yi mata. Ta jera yaran, manya a gaba, ƙanana a tsakiya, ita a baya, ta kora su zuwa gindin marke. Can ta ci gaba da darasi, ba dutse ba izini. Kwana shida suna haka. A na bakwai rafi ya cika ya kawo, gaɓar ta ɓalle gaba ɗaya da wani ƙara da aka ji har kan tudu. Ajin ya tafi, dutsen ya nutse a inda yake. Ba a rasa yaro ko ɗaya ba. Iyaye suka rungume Malama duk da ƙayoyinta, suna kuka.

Abin da ya ba ni haushi a labarin nan shi ne saurin da majalisa ta yi bayan haka. Ashe akwai wata doka da ta ce laifin malami ba ya bin layi.

Aka kira ta gaban tsamiya. Dila ya karanta tuhuma: ta bar wurin aikinta kwana shida, ta karantar a inda ba makaranta ba, ta kuma bar dutsen majalisa ba mai tsaro har ruwa ya rufe shi.

"Da na zauna, da yanzu gawa ashirin da shida kuke nema," in ji ta.

"Babu mai musun haka, Malama," in ji Dila. "Da kin zauna, da wannan ya zama ƙaddara, mu yi miki addu'a. Amma kin tashi, ya zama laifi."

Kwaɗo ya ce shi bai ga abin tsoro a ruwa ba tun farko. Shamuwa ta ce a ƙasashen da ta sani, malamar da ta yi haka da kanta take ajiye aiki. Hawainiya ta kau da ido ɗaya daga Malama, ta bi masu rinjaye da ɗayan. Aka sallami Malama Tasalla, aka hana ta karantar da kowa a dajin, aka kuma gode mata bisa hidimar shekara goma sha ɗaya.

Saura maganar makaranta. Iya Delu ta roƙa a kafa sabon dutse a gindin marke. Dila ya bayyana mata cewa makarantu uku doka ta sani, kuma ukun suna nan. Dutsen bai ɓata ba, an san inda yake, yana ƙarƙashin ruwa ne kawai. Matsar da shi sai ƙafa biyar, kuma Gwanki da Hawainiya ba sa nutso. In rani ya yi ruwa ya janye, Shamuwa ta tafi, Kwaɗo ya kwanta. Saboda haka makaranta tana inda take, abin da ta rasa malami ne.

Aka yi shela ana neman malamin da zai iya zama a wurin. Mai nema ɗaya ya fito, wani kada mai natsuwa, wanda ya ce ya daɗe yana sha'awar yara. Ya gaida majalisa a kwance, abin da ya burge Kwaɗo bai kuma ɓata wa Shamuwa rai ba. Aka ɗauke shi a zama ɗaya.

Ranar da aka koma karatu, Malama Tasalla ta tsaya a kan hanyar rafi tana tare iyaye. "Iya Delu, don Allah kada ki kai su."

Iya Delu ta kasa haɗa ido da ita. "Malama, in ba su da shaida ina za su haƙa rami? An ce daga bakin ruwa za su tsaya. Na gaya musu su zauna a layin baya." Ta ja 'ya'yanta huɗu ta wuce, ƙaramar tana waiwayen Malama.

A ƙarshen zango Dila ya karanta wa majalisa rahoton makarantu uku. Na bakin rafi ne ya fi kowanne gajarta: malami yana cikin ƙoshin lafiya, bai yi fashi ko na yini ɗaya ba, kuma an rabu da cunkoso a aji.